Tambaya a kan adon matan Baikin: ƙoƙunan ƙirji biyu da kuɗi mai rubutun Larabci

Maman Ilham, Gwammaja

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina yi wa malamai da sauran 'yan'uwa fatan alheri. Sana'ata ita ce shirya duwatsun wuya da jigida da abin hannu, yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina saro kaya a Kurmi ina shiryawa a gida, saboda haka duk inda na ga dutse a zare idona ba ya wuce shi. Ƙanena da yake karatu a Suwidin ya shiga gidan tarihin babban birnin ƙasar a lokacin hutu, ya turo mini hotuna ta WhatsApp, ya ce in zo in ga abokan sana'ata na shekara dubu da suka shuɗe, wato matan mutanen da ake kira Baikin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu ƙarafa guda biyu masu tudu kamar bayan kunkuru, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an cika su da zane har babu masaka tsinke, sannan an ɗaura sarƙar duwatsu daga wannan zuwa wancan. A cikin duwatsun akwai shuɗi da rawaya da fari garau kamar ƙanƙara, akwai kuma ja mai kusurwa wanda da a tire aka kawo mini shi sai in rantse tsakiya ce irin ta kakanninmu. A wani hoton kuma na ga kuɗin azurfa da aka yi wa ɗan madauki don a rataya, da rubutun Larabci a jikinsa. Maigidan ya ƙara girman hoton, ya daɗe yana dubawa, ya ce kalmar shahada ce.

Tambayata kashi uku ce. Mene ne amfanin ƙoƙunan nan biyu, domin wata maƙwabciyata ta dage cewa rigar mama ce ta ƙarfe? Daga ina suke samun duwatsun? Sannan me ya kai kalmar shahada wuyan matan da nake jin ba Musulmi ba ne, ko kuwa dai sun musulunta ne ba mu sani ba? Allah ya ba da ikon amsawa.

Malam Mai Alli, Kabuga

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a. Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma wannan fage ne da na daɗe ina sha'awa, don haka a yi haƙuri idan na ɗan tsawaita.

Baikin suna ne da ake kiran mutanen ƙasashen da yau suka zama Denmak da Norwe da Suwidin a wani zango na tarihinsu, wanda aka saba farawa daga 793, shekarar da suka kai farmaki gidan ibadar Kiristoci a tsibirin Lindisfarne na Ingila, a rufe da 1066. Idan za mu auna da abin da muka fi sani, sun fara tashe a zamanin halifa Haruna Rashid na Bagadaza, suna kuma cikin tashen har lokacin Bagauda, wanda tarihin sarautar Kano ya sanya hawansa a 999.

Maƙwabciyarki ba ta canka ba. Ƙoƙunan nan maɓallai ne, kuma aiki suke yi kafin ado. Macen Baikin mai hali tana sa doguwar rigar ciki, galibi ta lilin, sannan ta ɗora wata ta ulu a kai wadda ta yi kama da zanin ɗaurin ƙirji, sai dai ita ba ɗaurawa ake yi ba, igiyoyi gare ta. Dogayen igiyoyi biyu suna tasowa daga baya su haye kafaɗa, gajeru biyu kuma suna gaba. A cikin kowane ƙoƙo akwai allurar baƙin ƙarfe, ita ce take ratsa madaukin igiyar baya da na gaba ta haɗe su, ƙoƙon kuma ya rufe mahaɗar. Wurin zamansu saman ƙirji ne, kusa da kafaɗa, tsawonsu kuwa kamar santimita 10 zuwa 12. Idan aka cire su rigar zamewa za ta yi. Tunda an sami ƙarfe biyu a kafe a dama da hagu, sai suka zama marataya: sarƙar duwatsu a tsakaninsu, sannan 'yan sarƙoƙi ko igiyoyi suna saukowa ɗauke da wuƙa, almakashi, gidan allura, matsefata, wani lokaci har da ɗan cokalin sakace kunne.

Yadda aka san haka ma abin sha'awa ne. Tufafi ruɓewa suke yi a ƙasa, amma inda yadi ya manne da ƙarfe, tsatsa takan ratsa zaren ta riƙe shi. A garin Birka, wanda yake wani tsibiri a tafkin Mälaren yamma da babban birnin Suwidin, wani mai bincike, Hjalmar Stolpe, ya tone kaburbura kusan 1,100 tun daga shekarun 1870. Da aka kifa maɓallan da ya samo, sai aka tarar da guntayen madaukan yadi maƙale a jikin allurai. Wata masaniyar saƙa, Agnes Geijer, ta yi nazarin waɗannan ƙyallaye ta wallafa sakamakonta a 1938, kuma daga irin waɗannan guntaye, waɗanda wasu ba su kai girman farce ba, aka harhaɗa siffar rigar. Shi ya sa har yau masana suke jayayya a kan tsawonta da yankanta, amma ba sa jayayya a kan aikin maɓallan.

Akwai kuma maɓalli na uku da ake kama mayafi da shi a tsakiyar ƙirji. Wani zagayayye ne, wani mai hannu biyu daidai wa daida, wani mai kunnuwa uku kamar ganye. Mai kunnuwa ukun asalinsa ƙarfen ɗamarar takobi ne na mayaƙan daular Faransa ta wancan zamani. Maza suka kawo shi gida, mata suka sa masa allura suka maƙala a mayafi, daga baya maƙeran gida suka shiga ƙera irinsa musamman saboda mata. A tsibirin Gotland na Suwidin kuwa mata nasu salon daban ne, maɓallansu masu siffar kan dabba ne da wani mai kama da batta, ta yadda da ganin mace za a san daga inda ta fito, kamar yadda a da ake gane Bafulatana ko Babarbariya daga kitso tun ba ta yi magana ba.

Batun rubutun Larabci kuwa, abin da kika gani dirhami ne. Baikin na gabas, waɗanda Larabawa suke kira Rus, suna bin kogunan Rasha da jiragen ruwa har kasuwannin kogin Bolga, suna kai fatun dabbobi masu gashi da takubba da kakin zuma da bayi, suna karɓo azurfa. Da farko kuɗin Abbasiyawa ne, daga wajen shekara ta 900 kuma sai na daular Samaniyawa, waɗanda ake bugawa a Samarƙandu da Shash, inda Tashkent take a yau. Yawan abin ya wuce yadda ake zato. A 1999 an tono wata taska a Spillings da ke Gotland mai nauyin kilo 67 na azurfa, a cikinta akwai tsabar kuɗi fiye da 14,000, kusan dukkansu na ƙasashen Musulmi, tare da ɗaruruwan mundaye.

Muna ma da shaidar wanda ya gan su da idonsa. Ahmad ibn Fadlan, wanda halifa Muƙtadir ya tura cikin tawaga zuwa ga sarkin mutanen Bulgar na gaɓar kogin Bolga, ya bar Bagadaza a 921 ya isa a 922, a can ya haɗu da fataken Rus da matansu. Ya rubuta cewa kowace mace tana da wata batta a ƙirji, ta baƙin ƙarfe ko azurfa ko tagulla ko zinare gwargwadon dukiyar mijinta, da zobe a jikin battar wanda aka rataya wuƙa. Masana da yawa suna ganin maɓallan nan yake nufi. Ya ƙara da cewa idan mutum ya mallaki dirhami 10,000 sai ya ƙera wa matarsa ƙawanyar wuya ɗaya, idan ya kai 20,000 ya yi mata biyu, haka abin yake ƙaruwa. Dirhami ɗaya kusan giram 3 ne, wato ke nan ƙawanya guda tana shelar cewa maigidan ya tara azurfa kusan kilo 30. Ya kuma ce abin da suka fi daraja shi ne wasu korayen duwatsu, suna sayen ƙwaya ɗaya a kan dirhami ɗaya. Ina jin wannan farashin zai yi wa Hajiya daɗi.

Ɗan Maƙeran Fari, Cikin Gari

Salamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Ni a gidan maƙeran fari na tashi, kuma ko da yake aikin ofis ya ɗauke ni daga gindin zugazugi, na yi shekaru ina riƙe wa mahaifina awartaki, don haka da na fara karanta yadda ake yin waɗannan maɓallai sai na ji kamar a zaurenmu ake labarin.

Zubi ne, ba dukan masaba ba. Ƙarfen tagulla ne, wato jan ƙarfe da aka gauraya da tutiya ko kuza. Maƙerin yakan danna samfurinsa a yumɓu ya fitar da siffar, ya sami kwafi na kaki, ya gyara zanen, ya lulluɓe shi da yumɓu mai laushi. Wannan shi ne rabin mazubin na waje. Matsalar ita ce yadda za a sami ƙoƙo mai siririn jiki, domin idan ya yi kauri an yi asarar ƙarfe kuma mace ba za ta iya yini da shi a kafaɗa ba. Dabararsu ita ce su tsoma ƙyalle a narkakken kaki su shimfiɗa shi a cikin rabin farko, su danna yumɓun rabi na biyu a kansa, sannan su cire ƙyallen su haɗe mazubin. Gurbin da ƙyallen ya bari shi ne inda narkakken ƙarfe zai bi. Saboda haka idan aka kifa irin wannan maɓalli, sau da yawa akan ga shatin saƙar ƙyallen a jikin ƙarfen ta ciki. Hajiya, idan ƙanin naki ya sake komawa, ki ce ya duba ko akwai wanda aka kifa a cikin gilashi.

Kowane mazubi sau ɗaya yake aiki, shi ya sa aka tarar da tarin fasassun mazubai a Ribe ta Denmak da Birka da Hedeby, wadda take cikin Jamus a yau. Wani abin da duk ɗan maƙera zai gane shi ne cewa ba kowa ne yake da samfuri na asali ba. Wani sai ya karɓi maɓallin da aka riga aka gama ya danna a yumɓu, na bayansa ma ya kwafa daga kwafin, da haka zane yake dusashewa har dabbar da aka zana ta koma wani abin da ba a gane kansa da ƙafarsa. Na ga irin haka da idona. Akwai wani zoben azurfa mai tambari da mahaifina ya ƙera, bayan 'yan shekaru aka kawo mana gyaran wani da aka kwafa daga jikinsa a wani gari, ya juya shi a hannu ya ce wannan jikan nawa ne, amma ya rame.

Na ƙarni na 9 yawanci ɓawo ɗaya gare su. Na ƙarni na 10 ɓawo biyu ne, na ƙasa sumul mai ruwan zinare, na sama mai huda-huda da ƙulla-ƙulla, ta yadda zinaren yake leƙowa ta cikin ramukan, wani lokaci a bi layukan da murɗaɗɗiyar wayar azurfa. Ruwan zinaren da zaiba ake yinsa: a kwaɓa zinare da ita, a shafa, a gasa, zaibar ta tashi ta bar zinaren a manne. Hayaƙin nan guba ne, kuma ina tausaya wa yaran da suke kan zugazugi a lokacin. Wani Banorwe mai suna Jan Petersen ya rarraba maɓallan gida-gida a 1928, har yau da lambobinsa ake kiransu, kuma an sami dubbai daga Ailan har Rasha, da yawansu kamar an tsaga kara. Wannan ya nuna mini cewa kayan kasuwa ne da ake zubawa da yawa.

Duwatsun kuma wasu na gida ne, wasu na fatauci. A Ribe tun farkon ƙarni na 8 ana narka gilashi a naɗe shi a kan tsinken ƙarfe a fitar da dutse. Ba su iya haɗa gilashin daga tushe ba, sai suna sayo fasassun kofuna da 'yan ƙananan tubalan gilashi masu launi da aka ɓamɓaro daga adon tsofaffin gine-ginen kudancin Turai. Duk wanda ya taɓa ganin masagan Bida suna narka kwalba su fitar da karau ya ga aikin. Mai launin zuma ɗin nan ƙaron itace ne da ya daskare tun zamanin da, teku take watso shi gaɓar ƙasashensu. Jan da kika ce tsakiya ce kuwa idonki bai yaudare ki ba, dangin dutsen ne guda, kuma shi da farin mai kama da ƙanƙara daga gabas ake kawo su ta hanyar da dirhami yake bi.

'Yar Fagge

Assalamu alaikum. Na karu ƙwarai da bayanin Malam da na Yaya Ɗan Maƙera, amma ina neman izinin in ɗan ja birki a wurare biyu ko uku, domin kada Maman Ilham ta tafi da hoton cewa kowace macen Baikin haka take yawo tana ƙyalli.

Kusan duk abin da muka sani daga kabari ya fito, kuma ba kowa ake binnewa da kaya ba. Wadda aka sa wa maɓallai masu ruwan zinare matar gida ce mai 'yanci kuma mai abin hannu. Baiwar da take niƙa da tatsar shanu, wadda wataƙila irinta aka sayar aka samo dirhamin da uwargijiyarta ta rataya, babu wanda ya binne ta da tsakiya. Sannan abin da aka sa wa gawa ba lallai ne ya zama abin da take sawa kullum ba. Idan bayan shekara dubu wani ya tono akwatin lefe ɗaya ya ce haka matan Kano suke shiga kowace rana, ai mun san ya yi kuskure. Yawancin kaburburan ma duwatsu kaɗan ne a cikinsu. Shi ya sa ake yawan ambaton matar da aka tono a Peel da ke tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, a 1984, domin abin wuyanta ya haura ƙwaya 70, kuma ita ko maɓallan kunkurun ba ta da su. Kabarin da ya fi kowanne ƙasaita, na jirgin ruwan Oseberg a Norwe inda aka binne mata biyu a 834, da aka tone shi a 1904 an tarar ɓarayi sun riga kowa, babu kayan zinare da azurfa.

Maganar Ibn Fadlan ma a riƙe ta da hankali. Baƙo ne da yake magana ta bakin tafinta, kuma fatake ya gani a zango, ba matan ƙauyen Norwe ba. Amma akwai abin da na yarda da shi a cikinta, wato ado shi ne asusu. A wurinsu dirhami ba kuɗin ƙirgawa ba ne, azurfa ce ta awo. Idan ciniki ya faɗa sai a sare guntun munduwa ko a raba dirhami biyu a ɗora a sikeli, har akan ɗan karce shi da wuƙa a tabbatar ba jabu ba ne. An kuma sami duwatsun awo da ƙananan sikeli a kaburburan mata, abin da yake nuna cewa wasunsu da kansu suke ciniki. Mu da muka san matar da take sayen sarƙar gwal da kuɗin adashi don ranar da za a nemi kuɗin makaranta, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A kan tambaya ta uku, amsar ita ce ba su musulunta ba. Gumakansu suke bauta wa, irin su Odin da Tor da Freya, daga baya suka shiga Kiristanci. Ba sa karanta abin da ke jikin dirhamin, kyan azurfar suke so. Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce haka suke yi da kayan Kiristoci ma. A kaburburan mata a Norwe an sami ƙarafan ado da aka ɓalle daga bangon littattafan coci da akwatunan ibada na Ailan da Birtaniya, an sa musu allura a baya sun koma maɓallai. Wanda ya ga wannan ba zai ce matar Kirista ce ba, sai dai ya ce wani nata ya je yaƙi ya dawo da tsaraba.

Abu biyu ne suke yawo a intanet a kan wannan batu. Na farko zoben azurfa ne daga kabarin wata mata a Birka na ƙarni na 9. Binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa idon zoben gilashi ne mai launi, ba dutse mai daraja ba kamar yadda aka daɗe ana zato, kuma masu binciken sun karanta rubutun jikinsa da "lillah", ko da yake wasu masana rubutun Larabci ba su gamsu da karatun ba. Zoben bai goge ba, alamar bai daɗe yana yawo daga hannu zuwa hannu ba. Wannan shaidar hulɗa ce, kuma ta isa abin mamaki a haka. Na biyu shi ne labarin da ya bazu a 2017 cewa an ga sunan Allah a saƙe a jikin wani ɗan ƙyallen Baikin. Masana sun yi raddi cewa salon rubutun da ake magana a kai bai bayyana ba sai ɗaruruwan shekaru bayan haka, kuma sai da aka ƙara zane a gefen ƙyallen kafin kalmar ta fito. Ina roƙon 'yan'uwa mu daina tura shi a matsayin hujja.

Abubuwa uku da na san za su ba Maman Ilham mamaki. Ba su damu da 'yan kunne ba, wannan adon maƙwabtansu Silabawa na gabashin Turai ne, alhali mu jaririya ko suna ba a yi ba an huda mata kunne. An sami wuri, wato kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi, a kaburburan Gotland da Birka, ya taso tun daga tekunan kudu masu ɗumi. Sannan wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim ibn Yaƙub, da ya ziyarci Hedeby wajen 965, ya ce maza da mata na garin suna sa kwalli.

Malam Mai Alli, Kabuga

Gyara ya yi, Malama, na kuma karɓa. In ƙara da nawa gyaran a kan kaina: littattafai sun cika nuna uwargidan Baikin da tarin makullai a ƙugu, ni ma na sha faɗa wa ɗalibai haka, amma kaburburan mata da aka sami makulli a ciki 'yan kaɗan ne, kuma ana samunsa a na maza.

Maɓallan kunkurun sun daina tashe a ƙarshen ƙarni na 10, lokacin da shigar mata ta sauya kuma Kiristanci yake kafuwa. Sarki Harald na Denmak ya karɓi addinin wajen 965, Aislan kuma wajen shekara ta 1000, daga nan binne mutum da kayansa ya yi ta raguwa. A tsakanin nan an sami wani mazubin dutse a Trendgården ta Denmak wanda aka sassaƙa wa gurbin gicciye da gurbin gudumar Tor a jiki guda, wato maƙeri ɗaya yana zuba wa kowane mai saye abin wuyan addininsa. Akwai kuma wata mata da aka tono a Adwick-le-Street ta arewacin Ingila a 2001. Gwajin haƙoranta ya nuna ba a nan ta girma ba, an fi kyautata zaton Norwe, kuma maɓallanta biyu ba tagwaye ba ne, kowanne da zanensa, sun kuma sha jiki.

Maman Ilham, Gwammaja

Allah ya saka wa kowa da alheri, Malam da Yaya Ɗan Maƙera da 'yar'uwata ta Fagge. Na karanta wa maƙwabciyata amsar, ta ce ita dai har yanzu da rigar mama suka yi mata kama, amma ta janye.

Matar nan ta Ingila ce ta fi tsaya mini. Duk mai sana'ata ta san irinta, domin babu watan da wata ba za ta zo mini da ɗan kunne ƙwaya ɗaya a ƙulle a bakin mayafi ba, ta ce na mahaifiyarta ne, ɗayan ya faɗi a gidan biki, in nema mata wanda ya fi kusa da shi. Ba a taɓa samun daidai, sai dai mai kama, kuma haka take karɓa ta sa.

Na sake duba hotunan bayan bayanin Malam, sai na lura da abin da ban gani ba da farko. Tunda sarƙar daga maɓalli zuwa maɓalli take tafiya, ba ta zagaya wuya, ba a ɓata ko ƙwaya ɗaya a bayan wuya inda ba mai gani, kuma manyan suna tsakiya, ƙananan suna gefe, kamar yadda nake jerawa. Duwatsun da za su yi mini sarƙa ɗaya za su yi musu layi biyu. Ina da ragowar jar tsakiya da wasu shuɗɗan na gilashi da na saro tun kafin azumi ba su shiga ba, ina so in gwada jera su layi uku a tsakanin fil biyu manya, irin waɗanda ake kama mayafin abaya da su, in ga ko 'yan mata za su karɓa.

Yaya Ɗan Maƙera, idan har yanzu akwai mai zubin tagulla a gidanku, ina son a yi mini ƙananan ƙoƙuna biyu, kada su wuce rabin na hoton, kuma ba sai an zana dabba ba, zanen dagi ya wadatar. A sanar da ni abin da zai ci da kwanakin da zai ɗauka, sai in aiko yaro da hoton da kuɗin kafin alƙalami ranar Asabar in Allah ya kai mu.